Sabuwar Kwamfuta da Hoton Baba

Daren Laraba, Gesse

Yau muka kwashe bayanan manoman ƙungiyarmu daga tsohuwar kwamfuta zuwa sabuwa. Tun bara nake fama da shugaba a kan a sayo ta. Tsohuwar mai bit 32 ce, duk memorin da ka ƙara mata ba ta iya amfani da abin da ya wuce giga huɗu. Shi ya sa ranar rabon taki sai ta sandare, mutanen Zauro da Augie na tsaye a rana suna zagina. Sabuwar mai bit 64 ce, ta ɗauke bayanan kaf a memori. Ofishinmu na Argungu da na nan suka shiga cikinta lokaci guda, ko gezau ba ta yi ba.

Ya kamata in yi murna.

Baba ma yana cikin jerin manoman, da sunansa nake gwaji tun yana raye, kuma ban daina ba. A da in na rubuta sunan, har ruwa nakan ɗebo kafin hoton ya fito, in samu in shirya. Yau ban ɗaga yatsa ba sai ga shi, da koɗaɗɗiyar hularsa, yana kallona.

Hajiya Asabe, sakatariyarmu, ta leƙo ta ce, “Malam Bello, har yanzu ba a cire marigayi ba?”

Na ce, “Awo, zan cire.”

Shugaba ya yi ta sa mini albarka saboda sabuwar kwamfutar. Na dawo gida na ci tuwo, ban ji ɗanɗanonsa ba.

Ban cire ba. Tun rasuwar Baba nake ce musu kwamfuta ce ke da nauyi. Gobe ban san abin da zan ce ba.