Kashi shida, da hawan dutse a gaba

Alhamis, 27 ga Maris

Na bar Bekasi a motata mai lantarki da batir cike, kashi ɗari. Kilomita ɗari bakwai zuwa ƙauyenmu a bayan Wonogiri. Na rubuta wuraren caji biyar a takarda na manna kusa da sitiyari, don ban yarda da waya ba.

Shekara huɗu rabona da gida. Tun ranar da yayana Mas Kuncoro ya sa aka binne Baba ina kan hanya, saura awa uku in iso. Ban yafe ba. Amma idon Ibu, mahaifiyata, na dusashewa, ta ce tana so ta ga fuskata a wannan Sallar tun tana iya gani. Zan je. Wurinta kawai.

An gaya mini Mas ya ce motar da ake ɗaurewa da igiya kamar akuya ba za ta kawo ni ba. To, mu gani.

Juma'a, 28 ga Maris

Duk mutanen Jakarta sun fito titi, kowa zai Sallah a gida. Awa tara kafin Cirebon. A tashar hutu motoci goma sha ɗaya ke layin caji, ni ce ta sha biyu. Wani dattijo mai motar fetur ya leƙo yana murmushi: "Mbak, ke ma azumi, motarki ma azumi?" Na ce ai tawa za ta riga ni shan ruwa. Matarsa ta ba ni soyayyar ayaba da aka kira magariba.

Na kashe sanyin mota don in tattala. Gumi har cikin ido.

Asabar, 29 ga Maris

Na wuce Semarang lafiya. A Solo caji ya kai kashi sittin kawai, mutanen layi suna ta hararata, na ji kunya na cire. Wauta.

Lahadi, 30 ga Maris, jajibiri

Wuri na biyar a takardata, na'urar ta mutu. An lulluɓe ta da leda.

Na tsaya a wani masallaci da ke karɓar matafiya. Liman ya ce in jona, gidan Allah ne. Na manta mitar ƙauye ba ta ɗaukar nauyi, ni da na girma ana kashe tukunyar shinkafa kafin a kunna dutsen guga. Ina jonawa komai ya ɗauke, har lasifika, ladan na tsakiyar kiran azahar. Ya ƙarasa da baki ta taga.

Kashi shida. Kilomita goma sha huɗu, duk hawa ne. Na yi lissafi sau uku, bai canja ba. Wuri ɗaya ne mai wuta mai ƙarfi kafin dutsen, kuma na san shi tun da na fita daga masallaci: injin casar shinkafar Mas.

Na zauna a mota minti ashirin. Na ce zan taka da ƙafa. Sai na tuna ba don ni na zo ba, na tuƙa zuwa injin.

Mas ya fito da dusa a gashi, ya tsufa. Ya dubi motar, ya dube ni. "Ning, ina igiyar akuyar?" Iyakar abin da ya ce ke nan. Manoma shida na layi da buhunansu, shinkafar Sallah. Ya kashe injin, ya jona motata, ya ce musu su yi haƙuri, ƙanwarsa ce. Awa uku suna zaune, ɗaya na ta mita, shi kuwa ko a jikinsa. Ni kuwa na yi ta kallon lambar batir tana hawa.

Na isa kafin magariba. Ibu ta kama fuskata da hannu biyu, ta ja ni bakin ƙofa inda akwai haske. Ta ce na yi furfura. Na yi kuka sosai.

Litinin, 31 ga Maris, Sallah

Bayan idi muka durƙusa gaban Ibu, kai a kan gwiwarta, ana neman gafara, babba kafin ƙarami kamar kullum. Daga ita sai ƙarami ya juya ga babba. Na shirya in tashi in shiga kicin. Ibu ta riƙe mayafina, ta ce a kunnena, "Nduk, 'yata, ranar jana'iza awa biyu yayanki ya hana a ɗauki Babanku, yana tsaye a bakin titi yana jiranki. Sai da liman ya yi fushi."

Ba wanda ya taɓa gaya mini. Ko an gaya mini ban ji ba.

Dama gwiwata tana ƙasa, matsawa kawai na yi gaban Mas. Ya ɗora hannunsa a kaina.

Laraba, 2 ga Afrilu

Batir ya cika tun jiya da safe. Na aika wa ofis cewa wutar ƙauye ba ta da ƙarfi, sai na ƙara kwana uku. Mas ya ji ni ina faɗa, bai tona ni ba.