Muryar Inna a Faifan Gidan Rediyo

Assalamu alaikum, Auta.

Ina fata kina lafiya, da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki? Idan kika tambaye ni, lafiya ƙalau, sai dai raina a ɓace yake.

Kin tuna sanda nake aiki a gidan rediyo na kai Inna aka ɗauki tatsuniyoyinta? To sabon manaja ya ce ranar Alhamis ƙarfe huɗu za a goge faifan ajiyar da tsofaffin shirye-shirye ke ciki, wai ana bukatar wuri. Na je na same shi. Ya ba ni kwana uku in kwashe abin da zan iya, a lokacin aiki kawai, kuma kada in taɓa kwamfutocinsu. Ga shi wanda ya juye kaset-kaset ɗin lambobi ya sa musu maimakon sunaye. Ban san wace lamba ce Inna ba, dole in kwashe duka.

Na jona tsohuwar laftof ɗina, ta yi dogon tunani, ta ce awa sittin. Awa ashirin da huɗu nake da su. Ɗana ya ce in jefar da ita, zai aiko mini sabuwa mako mai zuwa. Mako mai zuwa! In kwashi me da ita, iska?

Na kai ta wurin Sukudireba, mai gyaran kwamfutar nan na ƙarƙashin bene. Ya danna gefenta, sai ga wata leɓatun roba ta fito. Shekara goma sha biyu muna tare ban san tana da wannan aljihu ba. Ya zura wani kati mai ramin USB biyu, bakinsu shuɗi, ya sa manhajarsa, ya ce ta nan kaya ke gudu. Gobe zan fara. Ki taya ni da addu'a.

Yayanki.

Auta, gaisuwa mai yawa.

Ina fata kin tashi lafiya. Ki yi dariyarki ki gama, na ba ki izini. Jiya Talata ta tafi a banza, kuma laifina ne.

Na jona faifansu da nawa da zan juye a ciki a ramukan shuɗin nan. Nasu yana da wutarsa, ya tashi. Nawa sai ƙas-ƙas yake yi kamar mai sanyin haƙori. Na cire, na hura, na mayar, har aka tashi aiki. Injiniyansu ya leƙo ya ce, "Baba, wannan ai gidan tarihi ya kamata a kai ta." Na ce idan za a kai ta, a haɗa da ni, amma sai bayan Alhamis.

Na koma wurin Sukudireba da faɗa a bakina. Ya ce ina 'yar igiyar da ke cikin kwalin katin? Auta, na ɗauka gyara ce aka yi mini, na ɗaure lemata da ita. Ashe katin ba ya iya ciyar da faifai shi kaɗai, sai wannan igiya ta jawo masa wuta daga tsohon ramin USB na jikin laftof. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

Yau da safe na kwance lema, na jona. Ta ce awa goma sha shida da 'yan kai. Goma sha shida cif suka rage mini. Ban bar kujerar ba sai don salla.

Yayanki mai taurin kai.

Zuwa ga ƙanwata, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ƙarfe huɗu na Alhamis manaja ya shigo, ni kuwa saura minti ashirin in gama kwashewa. Ya nuna mini agogo. Na ce masa ni na jawo wayoyin ɗakin nan tun bai iya ɗaura zariya ba, idan yana son faifansa ya kira mutum huɗu su ɗauke ni da kujerata. Na ɗora hannu a kan faifan. Ban ɗage ba. Ya tsaya, ya yi tsaki, ya jawo kujera ya zauna. Tare muka kalli layin da ke nuna tafiyar aikin a fuskar laftof har ya cika.

Kwana tara ina buɗe lambobi ɗaya bayan ɗaya. Jiya da hantsi na sami Inna. Ba su yanke farkon ba, Auta. Kafin ta fara sai da ta yi tari, ta ce, "Kai, matsar da ƙarfen nan daga bakina, ba kurma nake yi wa ba." Sannan ta tambaye ni ko na bar miki kuɗin mota, kada ki dawo daga makaranta a ƙasa.

Ba zan turo miki ta waya ba, kada ma ki roƙe ni. Ki zo da ƙafar taki mai ciwo mu ji tare. Ban wuce wurin nan ba, na tsayar da ita ina jiran ki.

Ki gaida kowa.

Yayanki.