Wa'azina na Farko

Baba,

Ina gaishe ku. Yaya gwiwar Mama? Ni lafiya lau, tarin ma da sauƙi, ƙurar masana'anta ce kawai.

Fastonmu yana asibiti, sai dattawa suka ɗora mini wa'azin Lahadi. Na cika shafi shida. Kafin sujada, mai sharar cocinmu, wadda ɗanta ya rasu bana, ta ce, "Ɗana, ba iliminka muka zo ji ba. Gaya mana ko Allah ya manta da mu."

Na ninke takardun, na buɗe Zabura, na yi magana daga cikinta. Lokacin Jibin Ubangiji, da aka zo raba gurasa da ruwan inabi, ita ta fara tashi ta karɓa. Rabonta da karɓa wata biyar.

Ku sa ni a addu'a, mako mai zuwa ma ni ne.

Ɗanku