Ƙyasuwar da Jumare Ya Aiko

Azare, 3 ga Nuwamba, 1954

Zuwa ga Adda Jumai,

Bayan gaisuwa mai yawa gare ki da maigidan da Goggo Kande. Adda, don Allah kada ki yi mini dariya. Jumare ya aiko. Kin san tun rani ya kora shanunsu kudu, ya ce da ruwan farko zai dawo a je gun Baba. Ga damina ta wuce.

Ranar kasuwa wata mai nono ta miƙo mini ƙullin tsumma, ta ce hannu da hannu ya zo. Ciyawa ce a ciki, tsinke uku, kanta ja-ja mai laushi kamar jelar mage. Shi ba ya rubutu, wannan ce wasiƙarsa. A littattafan da nake karantawa, masoyi ba ya makara sai manyan koguna sun tare shi. Ga tsinke ɗaya, ki nuna wa Goggo, ita da ta tsufa a yankan ciyawa, ta faɗi ƙasar da ke fid da ita, in san nisan da ya hana shi zuwa.

Ƙanwarki,
Zuliha

Katagum, 7 ga Nuwamba

Zuliha,

Muna lafiya. Goggo ta murza tsinken ta shinshina, ta ce ashe boko bai koya miki ƙyasuwa ba. Ciyawar inuwa ce, gindin tsamiya da kanya take so. Ta fili duk ta bushe tun ɗaukewar ruwa, taki kuwa da sauran danshi, kanta bai zube ba. Ta ce ƙyasuwa ba ta riƙe kai in ta daɗe a hannu, wannan ba ta yi mako da yankewa ba. Kuma inda ta san akwai ɗanyarta yanzu, kurmin bakin kogin nan ne na bayan garinmu.

Ki gaida Inna.
Jumai

Azare, 10 ga Nuwamba

Adda,

Ina gaisuwa. Ai kudu ma akwai kurmi, akwai tsamiya, kuma lori na gudu. Ko idon Goggo ne ya soma rauni? Ki sake tambayarta a hankali. Kada Inna ta ji.

Zuliha

Katagum, 15 ga Nuwamba

Ƙanwata,

Ban sake tambaya ba, kurmin muka je ni da Goggo. Ƙyasuwa har ƙugu a ƙarƙashin itatuwa. Akwai ruga a wurin tun tsakiyar damina, kuma Jumare na nan. Ya rame. Ciwo ya faɗa wa garkensu a kudu, da saniya biyu kacal suka dawo, yanzu shanun wasu yake kiwo. Ya tambayi lafiyarki kansa a ƙasa. Na ce Azare fa ba nisa, ya je ko gaisuwa ce. Ya daɗe yana tsinkar ciyawa, sannan ya ce, "Adda, da me zan tsaya gaban Baba? Ki ce mata ina nesa."

Ki yi haƙuri. Allah Ya zaɓa mafi alheri.
Jumai

Azare, 19 ga Nuwamba

Adda,

Na gode. Ki ba Goggo haƙuri, idonta lafiya lau. Shi kuma ki ce masa saƙo ya iso, na yarda yana nesa.

Tsinke biyun suna cikin littafina. Yau na buɗe, kan ya fara zubewa.

Taki,
Zuliha