Bakin Injin da Ka Aiko

Yaya Musa,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jiki, yaya Anti Rifkatu da yara? Mu nan Kafanchan lafiya lau.

Bulus mai gyaran waya ya haɗa min injin buga kayan roba da ka aiko. Amma maƙalan makullin da za mu raba a bikin Ladi duk a karkace suke fitowa. Na daidaita farantin da kayan ke fitowa a kai, na ƙara zafi, a banza. Da na kwance bakin injin, sai na gan shi baƙi ƙirin, ya sha aiki. Da na tambayi Bulus, ya kau da kai, ya ce, "Haka ya zo." Shi ma fa yana da irinsa a shago.

Yaya, tsakaninka da Allah, sabo ka saya? Ka faɗa min kafin in zargi mutum.

Ku sa mu a addu'a. A gaida kowa.

Ƙanwarka,
Saratu