Gobe Baba Zai Ga Sista

Laraba, bayan Isha'i

Yau Sista ta kira sunana a asambili, an ɗauke ni a ƙungiyar haziƙan ɗaliban kimiyya. Tun bara nake nema. Amma ranar Asabar suke haɗuwa, lokacin Islamiyya, ga saukarmu ta matso.

Na gaya wa Baba yana cin tuwo. Ya ajiye lomarsa. "Da zan kai ki makarantar mishan, wane alkawari kika yi mini?" Na ce, "Ba zan bar Islamiyya ba." Ya ture kwanon tuwon gefe.

Ɗazu Mama ta leƙo, wai gobe da kansa zai kai ni, yana son ganin Sista. Na tambaye ta me zai ce. Ta ce, "Ki yi addu'a kawai, ni ma bai gaya mini ba."