Sandar Baba Ta Koyi Ƙofa

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya yara, ya ƙarfin jikin Baba? Ki karanta masa wannan, amma ki tsallake inda ya kamata.

Ina nan lafiya lau. Sandar makafin da nake haɗa masa ta fara magana: in ta hango abu sai ta faɗi sunansa. Bayan an tashi aiki nakan ɗaure idona da tsumma in gwada ta a ɗakin bayan shagon gyaran wayoyi, inda nake kwana. Taku shida, sai ta ce "bango". In na juya ma, "bango".

Mai shagon ya leƙo jiya yana dariya, ya ce, "Kai da idonka garau, me ya kai ka lalube?" Na ci gaba da gwajina. Fasfo ɗina yana durowarsa har yanzu, wai sai baɗi. Wannan kada Baba ya ji.

Don Allah ki auno mini Baba daga ƙasa zuwa ƙirji, kada in yanke sandar a tsayina.

Yau ta koyi cewa "ƙofa". Na daɗe tsaye a wurin, tana ta maimaita mini.

Allah ya sada fuskokinmu.

Ƙaninki,
Auta